Waya ba ta mutuwa, kashe ta ake yi

Ku shiga kowace fada a garin nan, daga Dagmanet har Sabon Gari, ku tambayi samari shekara nawa wayar shafawa ke yi a hannun mutum kafin ya nemi wata. Wani zai ce biyu, wani ya ce ɗaya da rabi, mai sa'a ya ce uku. Kuma za su faɗa muku ne kamar mai faɗin watannin cikin raƙuma, wato abu ne da aka riga aka yanke tun fil azal, ba a ja da shi. Wannan sallamawar ce ta hana ni sukuni har na ɗauki biro.

Karatun harshe nake yi, ba na kanikanci ba, saboda haka ta bakinmu zan fara. Ku saurari abin da muke cewa in waya ta fara ba mu wahala. "Wayata ta mutu." "Ta lalace." "Ta gaji." "Batir ya kumbura." A nahawu irin waɗannan aikatau muna kiransu ƙi-karɓau: aikin yana tsayawa a kan mai shi, ba wanda ya yi wa wani komi. In ka ce "lalata", dole harshe ya tambaye ka wa ya lalata, mi ya lalata. In ka ce "lalace", shi ke nan, ka rufe ƙofa, ba mai laifi. Duk wanda ya tashi a gidan Hausa ya san wannan dabara tun bai san sunanta ba. Yaro ya yar da tukunya, ya rugo wurin uwarsa ya ce "Inna, tukunya ta fashe." Ita kuwa ba ta taɓa shiga ajin nahawu ba, amma nan take za ta kama kunnensa ta ce "Da kanta ta fashe?" To tambayar Inna nake so mu yi wa wayoyinmu.

Akwai kuma kalmar da mai gyara ke sallamar ka da ita: "Wannan ba ta gyaruwa." Wanga siffa mai ƙarewa da -uwa tana nuna hali ne da ke cikin jikin abu, kamar a ce dutse ba ya taunuwa. Amma shi dutse ba a taron injiniyoyi aka zana shi ba. Waya kuwa mutane ne suka zauna a ofis mai sanyi suka yanke inda za a sa kusa, inda za a sa gam, da ranar da za a daina kula da ita.

Mu duba abin da ke fara mutuwa a ciki. Mafi yawan lokaci batir ne. Batirin lithium yana da iyakar cika da ƙarewar da zai iya ɗauka. Duk lokacin da ka cinye cikarsa ɗaya ka sake cikawa, ka rage masa wani abu da ba ya dawowa. Kamfanin Apple da kansa ya rubuta cewa batirin wayoyinsa, har zuwa iPhone 14, an yi shi ne ya riƙe kamar kashi 80 cikin 100 na ƙarfinsa bayan cika 500. Ku yi lissafi da ni. Wanda ke cika waya sau ɗaya kullum zai cinye 500 ɗin nan cikin shekara ɗaya da wata huɗu da ƴan kwanaki. Kun ga inda "ɗaya da rabi" na fada ya samo asali. Kuma wannan lissafin na wanda ke zaune cikin ni'ima ne. Kamfanin dai ya ce zafin da ya fi dacewa da wayarsa shi ne digiri 16 zuwa 22, kuma abin da ya haura 35 yana iya yi wa batir illar da ba ta warkewa. Digiri 35! A Agadas, cikin watan Mayu da Yuni, a inuwa ma muna haura 40. Balle wayar da ke aljihun ɗan kabu-kabu da tsakar rana, ko wadda direba ya aje a gaban gilashin Hilux a hanyar Dirku, ko wadda aka jera da ƴan uwanta talatin a teburin mai caji, janareta na ruri, caja ta jabu na zafi kamar garwashin shayi. Kuran ɗin da ke zo mana daga gawayin Anu Araren shi ma in ya tafi ya dawo ba ya yin sallama.

Zafi ba laifin kowa ba ne, na yarda. Sinadari ba ya san Bature ba ya san Ba'agadashe. Amma daidai nan maganar take. Tun da an san batir shi ne abin da ke cinyewa, kamar taya a mota, don mi aka manne shi da gam a ƙarƙashin gilashi, inda sai an gasa bayan waya da iska mai zafi kafin a kai gare shi? Wane direba ne a tashar nan zai sayi motar da aka yi wa tayoyinta walda a jikin ƙarfe, a ce masa in sun suɗe ya sayi wata motar? Da sanda zai bi dillalin. Mu kuwa an sayar mana da irin wannan motar, mun karɓa, har muna ɗaukar hotonta.

Ba haka abin yake da can ba, kuma ba tarihin kaka da kakanni nake ba ku ba. Nokia 1100 ta fito a 2003, an sayar da sama da miliyan 250. Da farce kake buɗe bayanta. Batirinta, BL-5C, har gobe yana nan a tebura cikin kasuwa, yaro ma zai canza shi. Ƙananan wayoyi masu tocila da muke wa ba'a, su ne har yanzu ke hannun iyayenmu shekara da shekaru. Za a ce mini ai wayar zamani an like ta ne don kada ruwa ya shiga. Na gode da wannan kulawa, mu da ruwan sama ke ziyarta ƴan makwanni a shekara. Ko da ƙura aka kafa hujja, wadda ita ce tamu, hujjar ba ta tsayawa: Galaxy S5 ta Samsung, a 2014, tana da kariya daga ruwa da ƙura, kuma ana ɓalle bayanta da hannu a ciro batir. An iya. Daga baya aka ga ya fi riba a daina iyawa.

Wanda ke ganin zargi ne kawai irin na ɗalibai, ga abin da ya faru a gaban hukuma. A Disamban 2017 Apple ya amsa cewa yana rage gudun tsofaffin iPhone, irin su 6 da 6s da 7, ta hanyar sabunta manhaja, in batirinsu ya raunana. Hujjarsa ita ce don kada wayar ta riƙa ɗaukewa ba zato. Wataƙila gaskiya ne. Sai dai bai gaya wa masu wayar ba. Mutum ya ga wayarsa ta koma tafiyar hawainiya, ya ce "ta gaji", ya je ya sayi sabuwa, alhali sabon batir kawai take nema. A Oktoban 2018 hukumar kula da gasar kasuwanci ta Italiya ta ci Apple tarar yuro miliyan 10, Samsung miliyan 5, kan sabuntawar da ke nauyaya tsofaffin wayoyi. A Fabrairun 2020 Faransa ta ci Apple tarar yuro miliyan 25, wato sama da sefa biliyan 16. Ku lura da abin da aka kama shi da shi a Faransa: rashin faɗa. Laifin harshe ne, irin na yaron tukunya.

Wani abin ya fi tarar ma ban sha'awa. Da asiri ya tonu, kamfanin ya sauke kuɗin canjin batir daga dalar Amurka 79 zuwa 29 tsawon 2018. Jama'a suka yi ta canzawa, wayoyi suka farfaɗo. A farkon Janairun 2019 shugaban kamfanin, Tim Cook, ya rubuta wa masu hannun jari cewa ciniki bai kai yadda aka zata ba, kuma cikin dalilan da ya lissafa har da arahar canjin batir. Da bakinsa ke nan: in gyara ya yi sauƙi, sabuwa ba ta tafiya. Sana'ar ma tsohuwa ce. A 1924, a Janeba, manyan kamfanonin ƙwan lantarki irin su Osram da Philips suka ƙulla yarjejeniya cewa kada ƙwai ya wuce awa 1,000 yana ci, har da tara ga wanda nasa ya daɗe.

Kisa na biyu ya fi na batir shiru, don ba ya barin kumburi. Wayoyin da ke hannun yawancinmu Android ne. Google ke yin manhajar, amma kowane kamfanin waya sai ya ɗinka ta daidai jikin tasa wayar, kuma ɗinkin yana cin kuɗi. Saboda haka wayar araha takan samu sabuntawa ɗaya, wata ko ɗayar ba ta gani, sai a juya mata baya. Su kuwa manhajojin da muke aiki da su kullum ƙara ƙiba suke yi, suna ƙara ɗaga dokin ƙofa. Tun Oktoban 2023 WhatsApp ba ya aiki a wayar da ba ta kai Android 5 ba. A 2025 ya bar iPhone 5s da 6 da 6 Plus. Wayar lafiyarta ƙalau, ekran ɗinta (sikirin, in ji mutanen Kano) ko tsaga babu, ta wayi gari an rufe mata ƙofa.

A wani wuri wannan ƙaramin abin haushi ne. A nan kuwa WhatsApp shi ne gidan waya, shi ne allon sanarwa, shi ne laburare. Ta nan darasin malam ke iso mu in kuɗin hoton takarda ya gagara. Ta nan ɗan uwa da ke haƙar zinariya a Jado ko Cibarakaten ke turo hoton takardar Nita ko Amana a je a karɓo kuɗin cefane. Kuma, abin da ya fi taɓa ni a matsayina na ɗalibin harshe, saƙon murya ya maido wa mutanenmu bakinsu. Tsohuwar da ba ta yi lakwal ba, da can sai ta nemi yaro ya rubuta mata wasiƙa da Faransanci, ya rage abin da ya rage, ya ƙara abin da ya ƙara. Yau tana danna wuri ɗaya ta yi magana da Tamajak ko Hausa ko Fulatanci ko Tubanci, da karin garinsu, ɗanta ya ji ta a Sabha ko Tamanrasat. Ranar da aka ce wayarta "ta tsufa", ita aka katse wa magana. Kuma ba wanda zai iya yi mata bayanin dalili da harshen da take ji, don dalilin ma ba a taɓa faɗarsa da harshenta ba.

Masu manhaja za su ce tsaro ne, tsohuwar manhaja ɓarayin intanet na shiga ta cikin sauƙi. Gaskiya ne, ban musa ba. Amma maganin ƙofar da ta ruɓe shi ne a sake ƙofa. Kuma sun nuna suna iyawa in sun ga dama. Google ya yi alkawarin sabuntawa ta shekara 7 ga Pixel 8 a Oktoban 2023, Samsung ya bi sahu da Galaxy S24 a Janairun 2024. Kowace cikinsu, ranar da ta fito a Turai, ta haura jikka 500 a kuɗinmu. Mafi ƙanƙancin albashi a Nijar jikka 42 ne a wata tun farkon 2024. Wato ma'aikaci ya yi shekara cur bai ci ba bai sha ba, sannan ya kusa sayen wayar da aka yi wa alkawarin tsawon rai. Mai kuɗi ya sayi ɗaya ta kai shi shekara bakwai, talaka ya sayi huɗu a jere, kowace ta ci amanarsa. In aka tara, ban tabbata talakan ne ya biya kaɗan ba.

A yi adalci ga Transsion, kamfanin Shenzhen mai Tecno da Infinix da itel, wanda ke riƙe da kusan rabin kasuwar wayar shafawa a Afirka. Shi ya fara tunawa cewa muna sa layi biyu don rezo ba ya da amana, cewa muna son babban batir, cewa fuskar baƙin mutum ma tana son ta fito a hoto. Ya duba mu lokacin da manyan ke kallon wani wuri. To tun da ya san mu haka, tambayar da nake wa kowa ita nake masa: a jikin kwali an rubuta girman kyamara da manyan baƙaƙe, ina aka rubuta shekarun da za a ci gaba da kula da wayar?

A Turai yanzu doka ta tilasta amsa. Faransa tun 2015 ta mai da abin da suke kira obsolescence programmée laifi, mai hukuncin ɗaurin shekara 2 da tarar yuro 300,000. Daga 20 ga Yunin 2025 kuma, duk sabuwar wayar da za a sayar a Tarayyar Turai sai batirinta ya jure cika 800 yana riƙe da kashi 80, sai an ajiye kayan gyaranta shekara 7 bayan an daina sayar da ita, sai an sabunta manhajarta aƙalla shekara 5. Mu a Agadas mun san Turai ta iya miƙa hannunta har nan in ta so. Mun ga dokar 2015-36 da ta mai da direbobin garin nan masu laifi dare ɗaya, kafin a soke ta a Nuwamban 2023. Mun ga ofishin EUCAP Sahel da aka buɗe mana a 2016. Iyakarsu ta taka Sahara ta zo har ƙofar gidanmu, amma dokar da ke kare mai sayen waya ko tekun Bahar Rum ba ta ƙetaro ba. Ba roƙonsu nake su ƙetaro da ita ba. Ina dai jan hankali ne: wayar da ta kasa cika sharaɗin can ba za a zuba ta teku ba, kasuwar da ba ta da sharaɗi za a nema mata. Ku faɗa mini wace kasuwa ce wannan.

Dama can mu ne masaukin ƙarshe. Waya ta yi shekara uku a hannun wani a Landan ko Dubai, ta bi ta Computer Village a Ikeja, ta hau zuwa Farm Centre a Kano, ta shigo ta Maraɗi ko Damagaram, wata kuma ta gangaro daga Libiya. Kafin ta iso teburin Kasuwar Tol an goge ta, an sake mata gilashi, wani lokaci har da sabon kwali. Ban ƙi bosho ba, ko na tufa ko na waya. Sayen ta hannu ma ƙara wa waya kwana ne, ya fi a haƙo sabon ƙarfe. Abin da na ƙi shi ne a sayar maka da cika 100 da suka rage a kuɗin 500. Mai sayen raƙumi yana buɗe bakinsa ya duba haƙora. Mu sai mu juya waya, mu ga bayanta na sheƙi, mu ƙirga kuɗi. Alhali a iPhone lafiyar batir tana nan a rubuce cikin saiti, a Android ma lambar manhajar tana nan, minti ɗaya ya isa.

Yanzu bari in juyo gida, don in na tsaya a kan kamfanoni kawai na yi mana irin abin da yaron tukunya ya yi. Wayoyi nawa ne a garin nan aka canza suna da ransu? Samari, ku faɗi gaskiya. Ana aje waya a tabarmar fada a kife, don a ƙirga idanun da ke bayanta. Mai ido uku ya fi mai ido biyu magana, ko da abin da zai faɗa shirme ne. Ƴan mata, ku ma ba ku tsira ba: toshi ya tashi daga turare da atamfa ya koma lambar waya, ana auna son saurayi da sha uku ko sha biyar. Yaron da bursarsa ke zuwa bayan an gama cin bashinta, shi ne zai sayar da waya mai aiki a rabin kuɗi ya ciko da rance don kada a ce tasa ta kwana biyu. Kamfani ba ya ma buƙatar rage wa irin wannan gudu, kunya ta riga ta yi masa aikin kyauta. A ce wayar jikka 70 kake saye duk shekara ɗaya da rabi; kafin ka gama lisans ka zuba jikka 140, ban da gilashi da caja. Wanda ya riƙe ɗaya ya canza mata batir sau ɗaya a tsakiya bai kashe ko 80 ba. Bambancin kuɗin mota ne zuwa Yamai da dawowa, har da guzuri.

Da yawa cikin "mutuwar" ma suma ce. Ramin caji ya cika da ƙurar hunturu, tsinken sakace zai tashe shi, amma an riga an yi mata salla. Waya ta yi nauyi don zauren WhatsApp goma sha biyu na zuba mata bidiyon biki da wa'azi da barkwanci dare da rana, ba wanda ya taɓa sharewa. Rumbun ajiya in ya cika maƙil, kowace waya rarrafe take. A bar ta a rana tana caji ana kallon fim a kanta, sannan a yi mamakin ciki ya fito mata.

Waɗanda suka fi kowa sanin wannan su ne masu gyara, kuma su ne ba mu ɗauka da daraja ba. Yaro zaune ƙarƙashin rumfa da ƙaramin ƙarfen narka dalma da gilashin ƙara gani, ya koyi aikin a Kano ko a YouTube da Faransancin da bai gama lakwal da shi ba, yana buɗe abin da aka ƙera don kada ya buɗu. Ba littafin kamfani, ba kayan asali, sai abin da ya ciro daga gawar wata ya dasa wa wata. Akwai maha'inta cikinsu, masu cire na kirki su sa na banza, kowa ya san wannan, kuma su suka ja wa sauran zagi. Amma a garin da maƙera suka yi suna har ƙetare saboda aikin azurfa, abin kunya ne a ce aikin hannu mafi laushi na zamaninmu ba shi da makaranta, ba shi da takarda, ba shi da sarki.

Ku ɗaga kai ku dubi hasumiyar babban masallaci. An gina ta a 1515, aka sake ta a 1844, tsawonta mita 27, da ƙasa zalla, kuma tun 2013 tsohon garin yana cikin kayan tarihin duniya na UNESCO. Itatuwan nan da suka fito daga jikinta kamar ƙaya, baƙi na ɗauka ado ne. Matakala ce. Maginan sun san iska da ruwa za su ci ginin, sai suka bar wa na baya wurin taka ƙafa a jikin ginin kansa, don a hau a yi yaɓe. Ga mutanen da suka san cewa abin da za a daɗe da shi sai an bar masa hanyar gyara. Jikokinsu ne ake sayar wa abin da aka shafe duk wata matakala daga jikinsa, suna cewa ci gaba ne.

Gawar kuma ina take zuwa? Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya na 2024 ya ce a 2022 duniya ta zubar da tan miliyan 62 na sharar kayan lantarki, abin da aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba, a Afirka kuwa bai kai 1 cikin 100 ba. A nan mun san amsar ba sai da rahoto ba: ƙasan akwati, hannun yara, bola, wuta, in damina ta zo korama ta kwashe zuwa Telwa inda ake noman albasa da tumatir. A cikin kowace akwai ɗan ɗigon zinariya, irin wadda tun 2014 ƴan uwanmu ke shiga rami a Jado suna nema, wasu ba su fitowa. Tun 1991 ƙasashen Afirka suka sa hannu a Bamako kan hana shigo da shara mai guba. Sharar ta koyi wayo, yanzu da ranta take shigowa, ta yi wata shida a aljihunmu sannan ta cika.

Muna da hukumar ARCEP mai kula da sadarwa. Nijar da Mali da Burkina Faso sun iya zama a ƙarshen 2024 suka amince a cire ƙarin kuɗin kira ga mai yawo da layinsa tsakanin ƙasashen uku. In an iya wannan, ana iya cewa ba wayar da za ta shigo sai an manna mata takarda mai faɗin cika nawa batirinta ke ɗauka, har wace shekara za a sabunta ta, da inda ake samun kayanta. Ta hannu kuma a rubuta ta hannu ce. Tun da kundin da aka zartar a Maris 2025 ya ce Hausa ce harshen ƙasa, to ga wurin gwaji: a rubuta takardar da Hausa, a ƙara da Tamajak, a ga ko maganar ta wuce jawabi. A sassauta kuɗin duwan a kan batir da gilashi na kirki. Jami'ar Agadas, mai alfahari da kimiyya da fasaha, ta buɗe ƙofa ga yaran rumfa ko da na wata uku ne, su fito da takarda.

Mu na ɓangaren harshe namu aikin shi ne suna, don abin da ba ya da suna ba a kai shi ƙara. Na ji wasu na fassara kalmar Faransancin nan da "tsufan dole". Ba ta yi mini ba; kowane tsufa ai dole ne, kakata ma ba da son ranta ta tsufa ba. Hausa tana da abin da ya fi wannan kaifi. Daga "fita" muna samun "fitar da", daga "tsaya" muna samun "tsayar da". Daga "tsufa" sai "tsufar da". Tsufarwa. Kalmar da kanta tana ɗauke da mai aikin a ciki, ba ka iya furta ta ba tare da wani ya tambaye ka wa ya tsufar ba. Na ajiye ta a gabanku, wanda ke da wadda ta fi ta ya kawo a fitowa ta gaba mu yi gardama.

Kafin nan ina da roƙo ga ƴan ƙungiya da duk mai karanta wannan ɗan littafi. Kowa ya binciki ɗakinsu ya zo zamanmu na gaba da matattun wayoyin gidansu, da shekarar da aka saye su in ana tunawa. Mu haɗa kuɗin shayi mu gayyato mai gyara ɗaya mai amana, ya buɗe su a gabanmu ɗaya bayan ɗaya, mu kuma mu riƙe takarda mu rubuta: wannan batir ne, wannan ramin caji ne, wannan manhaja ce aka daina ba ta, wannan kuwa lafiyarta lau, mai ita ne ya ji kunya. Wadda batirinta ya kumbura a naɗo ta daban cikin tsumma, kada a haɗa ta da sauran, kuma kada a bar ta a rana.